Rigar da Baba Ya Ɗinka wa Wayata

A kamfanin robar da nake aiki a Sharada, ba kai ne kake zaɓar wa wayarka riga ba. Akwatin maigadi ne yake zaɓa.

Dokar kamfani ce ba a shiga wajen injina da waya. Wai wani ya taɓa tsayawa amsa kira, inji ya cinye masa hannun riga, saura kaɗan ya haɗa da abin da ke cikin hannun rigar. Ni ban ga mutumin ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce shi ma ji ya yi. Amma dokar tana nan daram. Saboda haka a ɗakin maigadi, a bakin get, akwai wani akwatin katako da aka kafe a bango, an tsattsaga shi ramuka-ramuka, kowane ma'aikaci da nasa. Kafintan da ya yi shi, Allah ya jiƙansa in ya mutu, bai taɓa tunanin wata rana waya za ta sa riga ba. Waya tsirara tana shiga. Waya da 'yar riga marar kauri tana shiga in ka lallaɓa ta. Duk abin da ya fi haka, sai bokiti.

Bokitin na kamfaninmu ne, mu muka zuba robarsa, yana ajiye a ƙasan akwatin. Nan ake jefa wayoyin da suka ƙi shiga rami, tare da makullan mashin da duk tarkacen da mutum ya ciro daga aljihu. Maigadin wani dogon dattijo ne daga wajen Damagaram, ba ya faɗa, ba ya dariya. In wayarka tana cikin rami, amanarsa ce, ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba. In kuwa tana bokiti, zai dube ka ya ce, "Wannan kuma tsakaninka da Allah." Waya takan shiga bokitin nan lafiya ta fito duk zane, wata sa'a ma ta yi ƙafa.

Tsohuwar wayata a wajen alwala ta mutu. Na sunkuya wanke ƙafa, ta sulluɓo daga aljihun gaba ta faɗi da fuska a kan siminti. Duk mai sa waya a aljihun gaba ya san wannan ƙarar. Na ƙarasa alwalata, tunda tsayawa ba zai gyara komai ba. Da aka yi albashi na sayi sabuwa, irin wadda rabin Sharada suke riƙewa: mai faɗi, marar nauyi, mai arha, bayanta sulɓi kamar jiƙaƙƙen sabulu. Tun a shagon na san in ban yi mata riga ba, ba za ta ga Sallah ba.

Mai sayar da rigunan waya yana kafa baronsa ƙarƙashin wata darbejiya daura da get ɗinmu, lokacin tashin masu aikin safe. Wasu ranakun yana Bompai, wasu yana Challawa. Saboda mu, ya sa an yanko masa guntun katako mai tsaga daidai da ramin maigadi, ya ɗaure shi da igiya a hannun baro. Ka zaɓi riga, ya sa wa wayarka, ya zura a katakon. In ta wuce a yi ciniki, in ba ta wuce ba, ba ya ma ɓata bakinsa.

Na fara ɗaukar wata baƙa mai kauri, kusurwoyinta duk a kumbure.

"Wannan ko daga bene ka jefo ta ba abin da zai same ta," in ji shi. "Amma ta 'yan Bompai ce, su loka gare su mai faɗi, ba rami ba. Ajiye."

Na ɗauki mai marfi, wadda ake buɗewa ana rufewa.

"Ta masu ofis ce. Ajiye."

Na ɗauki fara tas wadda ake hango bayan waya ta cikinta. Ya ce wannan tana shiga rami, sai dai kafin damina ta wuce za ta koma kalar ruwan shayi. Akwai wata mai ƙyalƙyali da ban taɓa ba ma, amma duk da haka ya ce mini ta amare ce. A ƙarshe ya zaro wata baƙa siririya ta roba mai laushi, ya sa wa wayar, ya danna maɓallan gefe, ya zura caja a ƙasa don in ga ramin ya yi daidai. Sannan ya kifa ta a kan wani ɗan allo ya ce in sunkuya in duba. Bakin robar ya ɗan taso, gilashin bai taɓa allon ba.

"Abin da ake dubawa ke nan a siririya," ya ce. "Sauran duk ado ne."

"In ta faɗi fa?"

"In ta faɗi da baya, lafiya lau. In da gefe ne, da sauƙi. In kuma da fuska ne a kan dutse, sai ka yi salati ka zo in sa maka gilashi."

Ya zura ta a katakon ta wuce sumul. Na biya, na ɗauka maganar rigar waya ta ƙare ke nan.

A Dorayi nake zaune, a gidanmu. Mahaifina baduku ne. Ni ne ɗansa na fari, shi kuma mutumin da ne, saboda haka tunda aka raɗa mini suna ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. "Wancan" nake, in abin ya yi daɗi "yaron nan", har yanzu da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Ba ya kallona ido cikin ido, ba ya miƙo mini abu hannu da hannu, ba ma zama a shimfiɗa ɗaya. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa ce take riƙe da gidan, Gwaggo, wadda dama ita ta goya ni. In yana da magana da ni, ko da ina tsugune a gabansa, wajenta yake juyawa: "Ke, ki ce wa wancan kwanon bayan gida yana zuba." Gwaggo ta juyo ta ce mini kwano yana zuba. Ni kuma in ce ta gaya masa na ji. Ƙannena kuwa yana kiran sunansu, yana musu faɗa, ya ɗinka musu jakar makaranta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san kunya ce ba ƙiyayya ba, ni ma na sani. Amma ina yaro abin yana mini ciwo, kuma da na girma bai daina ba, sabawa kawai na yi.

Da can zaurenmu ba ya rabuwa da mutane: mai son gafaka, mai son kuben wuƙa, mai son alabe, mai laya da za a rufe. Yanzu roba ta shiga ko'ina, kuma ina cikin masu zuba ta, abin da ba mu taɓa tattaunawa ba ko ta bakin Gwaggo. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Duk da haka kullum da hantsi sai ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya jera basilla da aska da dutsen wasa wuƙa, ya zauna har yamma, sannan ya tattara. Wani lokacin a kawo masa tsinkakken takalmi, yawanci ba kowa. Abin da ni da Gwaggo muke gudu guda ɗaya ne: ranar da zai tabbatar hannunsa ya daina amfani. Mun san shi. In ya naɗe buzun nan ya daina fitowa zaure, abin da ya rage sai kwanciya.

Ranar da na kawo sabuwar wayar gida, tun kafin in saya mata riga, Baba ya ji ƙararta ba irin ta da ba ce.

"Wancan ya sake waya ne?"

"Ya sake, Yaya. Waccan ta fashe," in ji Gwaggo.

"A ba ni in gani."

Na ba Gwaggo, Gwaggo ta ba shi. Ya shafa ta gaba da baya, ya ciro zare daga cikin kayansa ya zagaya ta tsaye da kwance, yana ƙulla zaren. Ya mayar wa Gwaggo. Na ɗauka son gani ne irin na tsofaffi.

Bayan wasu 'yan kwanaki na dawo daga aiki na tarar da abu a kan katifata. Gwaggo ta leƙo ta ce, "In ji Yaya, wai a sa wa abin nan kada ya sake fashewa."

Jar fatar akuya ce, wani tsohon abokinsa mai aiki a kamfanin fata a Challawa ya kawo masa. Ya ninka ta biyu, ya yi mata shafi da ƙyalle, ya yi mata marfi da maɓallin fata, da koren tuntu a ƙasa, da igiyar ratayawa a wuya. Ɗinkin ya ɗan karkace ta gefe ɗaya, inda ido ya gaza, amma ƙarfi kam sai dai ka gaji ka bar mata. In ka hango ta daga nesa babbar laya ce. Na zauna a bakin katifa ina riƙe da ita, ina shaƙar ƙanshin sabuwar fata. Gwaggo ta ce ina jariri ya taɓa rufe mini laya, amma wannan ban san an yi ba. A iya sanina, wannan ne abu na farko da mahaifina ya yi domina. Na ji daɗin da na rasa inda zan ajiye shi.

Da robar a jikinta wayar ba ta shiga cikin fatar, don Baba tsirara ya auna ta. Na cire robar na jefa a aljihu, na zura wayar, na rataya a wuya.

Da safe maigadi ya karɓa, ya juya ta, ya ɗaga tuntun da yatsa. Damagarawa abokan wasanmu ne, don haka bai ga dalilin tausaya mini ba.

"Bakano, wannan waya ce ko guzuri?"

Ya kai ta bakin ramina. Ko hancinta bai shiga ba.

"Bokiti," ya ce.

Na dubi bokitin. Ba wayar nake ji ba, wayar da irinta a kasuwa. Na ce masa mahaifina ne ya ɗinka. Sai ya nuna mini wata ƙusa a bango inda yake rataye carbinsa.

Haka wayata ta zama mai riga biyu, ta aiki da ta gida. Da safe a bakin get in zare ta daga fata in sa mata roba, ta shiga rami, fatar ta hau ƙusa. In an tashi in cire robar in mayar da ita fata. Gaskiya ko ba don akwatin ba, fatar ba ta zirga-zirga ba ce: kafin ka ɓalle maɓalli ka zaro wayar, mai kira ya gaji ya kashe. Abokan aiki suka samu abin yi. Duk wanda ya wuce ni a get sai ya ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka mana da irin wannan, ko oga ya manta da mu." Ban damu ba. In zan shiga gida nakan fito da ita saman riga, don ja yana cikin abin da idon Baba yake iya kamawa. In na tsuguna gaishe shi sai ya ɗan ɗago kai zuwa ƙirjina, ya mayar. A kwanakin nan Gwaggo ta ce ya fara wasa askarsa ko ba aiki, har ya aika a sayo masa sabon zare.

Ruwan sama ne ya tona mini asiri. Ranar, ana buga ƙararrawar tashi hadari ya haɗo, kowa ya fizgi wayarsa ya ruga neman adaidaita sahu. Ni ma haka. Na isa gida sharkaf, ina cikin matse riga saƙon murya ya shigo daga ƙanwata da take aure a Haɗeja, tana gaida Baba. Gwaggo ta ce in kawo a kara masa a kunne. Na ba ta, ta ba shi. Tsakanin hannunta da nasa na ga wayar baƙa ce. Jar fatar tana can Sharada a jikin ƙusa.

Ya saurari saƙon har ƙarshe, amma yatsunsa ba saƙon suke saurare ba. Suka bi gefen robar, suka lanƙwasa bakinta, suka tsaya a ramin kyamara, suka koma.

"Wannan mene ne?"

Gwaggo ta dube ni. Na fuskance ta na yi mata bayanin akwatin maigadi, da rami, da bokiti, da ƙusa, da ƙarfi yadda wanda ake nufi zai ji. Ruwa yana ta dukan kwano. Baba ya juya wajen Gwaggo.

"Ramin nan, yatsa yana shiga?"

"Gwaggo, ki ce musu ɗan ƙaramin yatsa, da ƙyar."

"To ai ba a gaya mini ba," ya ce. "Ana ba mutum aiki ba a gaya masa ƙofar da kayan za su bi ba?"

Ba wanda ya ba shi aikin, amma ba mu tuna masa ba.

Washegari da na dawo, zaure a share yake fes, ba buzu, ba basilla. Gwaggo ta tare ni a tsakar gida, ta ce tun safe bai fito ba, wai bayansa ne yake ciwo, kuma kokon da ta kai masa yana nan ya yi sanyi. Ta ce, "Ɗan nan, ka san ba baya ba ne." Na sani. Tsoro ya kama ni sosai.

Na je wajen mai baro na ce ya ara mini katakon gwajinsa. Ya dube ni kamar na ce ya ara mini ƙafarsa.

"In na ba ka wannan da me zan yi ciniki?"

Na gaya masa dalili. Ya sosa ƙeya, ya ce gobe da jibi Bompai za shi, su can ba ruwansu da rami, in kuma ya dawo bai samu katakonsa ba, zai zauna a ƙofar gidanmu da baronsa. Ya kwance igiyar ya ba ni.

Na haɗa katakon da baƙar robar na ba Gwaggo ta shigar masa. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ya zura yatsa a tsagar, ya yi wani ɗan huci ta hanci.

"Wannan ne duka?"

"Shi ne, Yaya."

"Kafintan nan ba ya tsoron Allah."

Da hantsi buzu ya koma zaure. Gwaggo ce ta ba ni labarin aikin, don ni ina Sharada da wayata tsirara, ina riƙe ta da hannu biyu a wajen alwala. Ta ce ya shimfiɗa ragowar jar fatar a kan katako, ya dinga fere cikinta da aska, ba ya kallo, shafawa kawai yake, abin da yake fita kamar ɓawon albasa. In ya fere sai ya ninka ya zura a tsagar, ya girgiza kai, ya koma. Ita take zura masa zare a allura. Mai baro ya dawo daga Bompai ya zo har ƙofar gida kamar yadda ya yi alkawari, ya leƙa zaure ya ga abin da ake yi, ya gaida Baba ya tafi bai tambayi katako ba.

Riga ta biyu da ya ɗinka ba ta da tuntu, ba igiya, ba marfi. Falle ɗaya ce, bayan waya kawai ta rufe, ya ɗinke kusurwoyin yadda za su kama, ya bar wa caja hanya, ya bar wa maɓallan gefe tasu. Ya kwaikwayi robar har da ɗan bakin nan da yake tasowa. A sama kuma ya huda wa kyamara rami zagayayye, ya bi bakinsa da koren zare, ɗinki ƙanana a jere, ban san yadda ya yi shi da wannan idon ba.

A ɗakina na gwada, Gwaggo tana tsaye a kaina. Da ƙyar wayar ta shiga, da ta shiga kuma ta zauna cif. Na zura a katakon mai baro, ta wuce. Sai na juya bayanta. Ramin yana dama, kyamara tana hagu, a rufe ruf. Ta cikin kyakkyawan ramin nan ba abin da ake gani sai farin bayan waya. A cikin fatar ya zana, ba a bayanta ba, da aka juya sai komai ya koma ɗaya gefen. Kuskure ne da lokacin da yake da ido ko a mafarki ba zai yi ba.

Gwaggo ta rufe baki da hannu. Daga zaure muka jiyo muryarsa.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Yaya."

"Katakon fa?"

"Ta wuce sumul."

"Idon nata ya zo daidai?"

Gwaggo ta dube ni. Na gyaɗa mata kai.

"Ya yi," ta ce.

Maigadi da ya karɓa ya zura ta a rami ta shige, ya sake zaro ta ya duba, ya ce, "Bakano, yau ka zama mutum." Sai ya juya bayanta, ya dubi ramin, ya dube ni, ya mayar da ita wurinta. Mai baro kuwa da na mayar masa da katakonsa ya ce yana da ƙarfen huda, yanzu-yanzu ya buɗe mini ɗaya gefen. Na ce a'a. Duk sanda saƙon ƙanwata ya zo wayar tana shiga hannun Baba, kuma babban yatsansa kai tsaye wajen koren ɗinkin nan yake zuwa ya zagaya shi. Sabon rami ba zai ɓuya masa ba.

Rashin kyamarar bai dame ni ba, ni ba mai ɗaukar hoto ba ne, kuma ba abin ɗauka a Sharada sai bayan tirela. Tocilan ce ta fi ci mini rai, don ita ma tana ƙarƙashin fatar. In aka ɗauke wuta na kunna, sai bayan wayar ya yi ja kamar garwashi, ba ya haska komai sai kansa. Na sayi 'yar tocila ta daban na huta.

Muna nan a haka ƙanwata ta aiko cewa yaranta suna tambayar kakansu, a ɗauko mata hotonsa. Na yi ta ja mata rai, ita kuma ta yi abin da ta saba, ta faɗa a saƙon da ta san a kunnensa za a kara. Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci, yana zaune a buzunsa da farar babbar riga da hular da ba ya sawa sai Juma'a, ya ce wa Gwaggo, "Ki ce wa wancan ya ɗauka. Ai na buɗe masa idon."

Cire rigar a gabansa ba zai yiwu ba, kokawa ake yi kafin ta fita, kuma ja-jan nan yana ganinsa. Na tsaya a gabansa na saita bayan wayar na danna. Ta yi ƙarar ɗauka, hoto ya fito baƙi ƙirin da ɗan ja a gefe. Wannan ba abin aika wa Haɗeja ba ne. Sai na kunna kyamarar gaba na juya masa fuskar wayar, ina dannawa a makance. Na farko rufin zaure ya fito. Na biyu hularsa ita kaɗai. Na uku ƙafar Gwaggo.

"Wancan ya iya kuwa?" in ji Baba.

Ba yadda zan ga abin da nake ɗauka sai na koma ɓangarensa. Na zagaya na tsuguna a gefen buzun, na miƙa hannu gaba. Rabin fuskarsa ce kawai ta shigo.

"Gwaggo," na ce, "ki ce musu irin waɗannan masu arhar, sai an matso kusa suke ɗauka."

Gwaggo ta buɗe baki za ta isar, ya riga ta.

"To matso mana."

Ba da Gwaggo yake ba. Na ji maganar har tafin ƙafata. Na hau buzun da ban taɓa hawa ba, na zauna, kafaɗata ta taɓa tasa. Ƙashi ne kawai a cikin babbar rigar nan, da ƙanshin turaren Juma'a da na fata. Bai janye ba. Na danna. Ya fito sosai, fuska a ɗaure kamar za a yi masa katin zaɓe, ga kunnena da rabin kaina a gefe.

Kafin in tashi ya miƙo hannu, wajena. Na sa masa wayar a tafi. Babban yatsansa ya je wajen koren ɗinkin kamar kullum, ya zagaya, amma wannan karon ya shiga cikin ramin, ya shafa santsin da ke ciki. Daga nan ya bi fatar a hankali zuwa ɗaya gefen, ya tsaya a kan ɗan tudun da kyamara ta yi. Ya danna shi sau ɗaya. Gwaggo ta kama maganar tsadar tumatir ba wanda ya tambaye ta. Ni kuwa na kafa wa buzun ido, ina tunanin gobe da hantsi ko za a shimfiɗa shi.

Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya miƙo mini, hannu da hannu, ya juya wajen Gwaggo ya ce, "Fatar ta kwanta."

Da hantsi buzu yana zaure, basilla da aska a jere. Huda rami ɗaya a wajensa ba aiki ba ne, ko ido a rufe. Na yi ta jira ya ce a kawo masa wayar a gyara, bai ce ba. Da Juma'a ta zagayo, bayan an sakko daga masallaci, bai cire hula ba. Ya gyara zama, ya bar wuri a gefen buzun, ya ce, "Ke, tambayi wancan ko 'yar'uwarsa ba ta son wani hoton."

Yanzu wayar ƙanwata ta cika da hotunan Baba, duk a zaure ɗaya, da hula ɗaya. Kwanan baya ta aiko tana ƙorafi, wai ta gode, amma me ya sa a kowanne sai an ga rabin kaina. Na ce mata haka wayar take ɗauka.